Kaset ɗin Luguden Inna

Ku ƴaƴana, kun sha jin labarin kaset ɗin luguden Inna, kuma duk abin da kuka sani a kai daga bakina kuka ji shi. Na ce muku na shafe shi ne don in kare mutuncin kakarku, saboda ana sa muryarta a wuraren rawa. Na ce muku ƙanena, Baba Sani, kansa ne ya kumbura shi ya sa ya tattara ya koma Yamai. Na yi ta faɗa har na kusa yarda da kaina. To yau da ido ya fara gajiya, likita ya raba ni da gishiri da shayi mai kauri, ina so in gyara zancen tun hannuna yana iya riƙe bik, wato biro. Ƙarya na yi muku. Kishi ne tsagwaronsa, kishin ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abin da ya ci mini ya fi abin da ya ci masa.

Bari in fara da sana'ar, don ku ƴan zamanin waya ba ku san wahalarta ba. Yanzu mutum yana kwance kan katifa zai shafa gilashi da yatsa, waƙa ɗari ta jeru, wai shi dije. Tabɗi! Mu a lokacinmu kaset ne. Ina da shago a unguwar Zango, ɗan ƙarami mai ƙofa ɗaya, da manyato, wato injin kaset, mai baki biyu, da anfili mai ƙara ƙarfin sauti, da manyan bafil huɗu, wato lasifika, da amalanke ke kai mana gidan biki bayan azahar. Aikina shi ne kompil, wato in tsinto waƙoƙin rawa daga kaset goma in jera su cikin kaset ɗaya, yadda mai rawa ba zai sami inda zai zauna ba. Yatsa kan maɓallin tsayawa, kunne kan ganga. In ka yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, ƙafar mai rawa ta ji, ta tsaya, ƙawayen amarya su juyo su harare ka. Direbobi ke kawo mini sababbin kaset daga Kano da Kwatano da Yamai. Kuma ina da abin alfahari guda wanda aka san ni da shi tun daga Birni har Gidimuni: kaset ɗina ba ya ƙarewa da shiru. Wasu sai su bar wutsiya, zare yana juyawa ba a jin komai sai shuuu. Ni kuwa da agogo nake auna waƙoƙi, in cika kaset tun daga farkon zare har ƙarshensa, gefe biyu, ban barin ko numfashi. Shi ya sa ake ce mini Lawali Cika-Baki, kuma wallahi ina jin daɗin sunan.

Sani ya bar lakwal, makarantar boko ke nan, ya zo ya zauna tare da ni, ya girma cikin shagon har ya yi gemu. Ni na koya masa naɗe zare da bik idan manyato ya tauna shi, ni na koya masa goge kan manyato da auduga, ni na koya masa karya kunnen kaset. Wannan na ƙarshe ku fahimce shi da kyau. A saman kowane kaset akwai ƴan kunnuwa biyu na roba. In ka gama aikin da ba ka so ya ɓace, sai ka karya su, rami ya rage a wurin. Daga nan jan maɓallin ɗauka ba zai danna ba ko ka hau shi da ƙafa. Kaset mai karyayyen kunne ba a shafe shi da kuskure. Sai mutum ya zauna da niyya, ya cusa takarda a ramin, ya manna sikoci, wato salatif, a kai. Duk mai sana'ar kaset ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Sai kuma Inna. Ni ne ɗan farinta, kun kuwa san yadda matan zamanin da suke yi da ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya, ko ina zazzaɓi. Gwaggo Mariya ce ta goye ni, ita ke yi mini wanka, ita na sani da rarrashi. In na shigo tsakar gida Inna sai ta gyara mayafi ta sami abin yi a madafi. In tuwo ya yi sai ta ajiye kwano ta kalli bango ta ce a gaya wa wancan abinci ya sauka. Na san kunya ce, kowa ya sani, ba ƙi ba ne. Amma abin da kai ya sani daban, abin da ciki yake ji daban. Shi kuwa Sani auta ne. Sanina, Sanin Inna, ɗan lelena. Ƙato da shi zai miƙe kan tabarmarta ya ɗora kai a cinyarta tana yi masa faɗan bai ci abinci ba. Ni zan shigo da tsire mai zafi a takarda, na saya da gumina, in ajiye a gabanta, sai ta dubi Sani ta ce:

“Ka ce wa mai shago Allah ya yi albarka.”

Ina tsaye a wurin fa! Sai in ce amin, in fita, ina dariya a fuska. Ban taɓa gaya wa kowa cewa abin yana cina ba, don wa zai ji ƙato yana kukan uwarsa ba ta kira sunansa ba? Dariya za a yi masa a majalisa.

A shekarar da nake ba ku labari, wadda a cikinta aka sa ranar aurena da mahaifiyarku Hajara, wani direba ya kawo mini kaset daga Kwatano. Kiɗan Turawa ne na rawa, ba waƙar kirki a ciki, ganga ɗaya ce take ta dum, dum, dum, dum, ba hutu, sai wasu ƴan ƙararraki a sama. Ya ce sunansa hawus, wai shi ake yayi a bakin teku. Na saurara na ce wannan ai injin niƙa ne. Na gwada shi a biki ɗaya, ƴan makaranta biyu suka yi ta tsalle, mata kuwa suka naɗe hannu suna kallona kamar na zage su. Na cire na jefa a kwalin tarkace. Washegari na tarar da Sani ya ɗauko shi yana saurare, ido a rufe, yana buga gwiwa.

“Yaya,” in ji shi, “wannan ai daka ne.”

“Daka? To je ka kawo gero mu zuba masa.”

Na yi dariya har da tafi. Bayan kwana kaɗan aka yi bikin ƴar ƙanwar Inna a Durum, garin su Inna. Ni ban je ba, ina da biki biyu a cikin gari. Sani ya raka Inna, ya ɗauki ƙaramin manyato mai aiki da pil, wato batir. A can mata suka taru dakan geron fura, turmi ɗaya taɓarya uku, suna lugude, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe. Inna ce ke ba da waƙa. Ashe tun tana budurwa an san ta da haka a Durum, mu ba mu taɓa ji ba, don a Birni matar malamin ɗinki irin babanmu ba ta waƙa a tsakar gida. Sani ya ajiye manyato kusa da turmi ya ɗauke duka. Da ya dawo, a gabana ya karya kunnuwan kaset ɗin, ya rubuta “Lugude, Durum” a gefen farko, ya sa a gwangwanin madara mai murfi. Shi ne orijinal, asalin da ake cirowa daga gare shi.

Mako biyu yana bayan shago da ƙaramin turnabis, ya buɗe cikin manyato yana murɗa wata ƴar ƙusa mai ƙara wa zare gudu ko rage shi, yana neman inda taɓaryar Durum za ta sauka daidai kan gangar Turawa. Ina wucewa ina tsokanarsa, ina cewa in ya lalata mini inji zai sani. Ranar da ya gama, da hantsi ne, ba kowa a shago sai mu biyu. Ya haɗa bafil ɗaya ya danna. Gangar ta fara ita kaɗai, dum, dum, dum, dum. Sai taɓarya ta shigo ta hau kanta, sai ta biyu, sai ta uku, sai tafi, sai guɗa ta tsaga. Sannan muryar Inna, siririya, tana dariya a cikin waƙar:

“Sauka taɓarya, gero ya yi laushi,
Rabi zo ki tankaɗe, Hadiza kawo ƙwarya,
Sanina auta, naka da nono.”

Mai shayin da ke ƙofarmu ya bar buta kan wuta ya leƙo. Ni na san kiɗa, kada ku manta, kunnena ba ya yi mini ƙarya. Tun kafin waƙar ta kai rabi na san duk kompil ɗin da na yi a rayuwata ba su kai wannan ba. Ni jerawa nake yi, shi kuwa ya haifi abu. Kuma ga ƙannena duka, ga Rabi, ga Hadiza, ga Sani, kowa an kira shi, ni ban da ni, yanzu kuma ba a tsakar gida kaɗai ba, ta cikin bafil ɗina. Ya kashe, ya juyo yana kallona, fuskar nan tasa tana jira. Me na ce masa?

“Ba laifi. Amma gangar ta yi nauyi.”

Ranar Asabar muka sa shi a wani biki a Birni bayan la'asar. Ku ji abin mamaki: tsofaffin matan da ke zaune kan tabarma, waɗanda ba su taɓa tashi don kiɗan inji ba, su suka fara miƙewa. Wata ta ɗaure gyale a ƙugu tana kwatanta daka da hannu, ƴan mata suka zagaye ta, ƙura ta tashi har kan shinkafar mutane. Sau biyar aka sa mu maimaita. Na zura kompil ɗina mafi kyau don a huta, wanda na yi kwana uku ina aunawa, sai wata ƙawar amarya ta zo har gaban tebur ta riƙe ƙugu.

“Malam, cire mana wannan. Sa mana na Sani.”

Na Sani! A kan injina, da wayoyina, da bafil ɗin da na yi shekaru ina tarawa. Daga ranar shago ya cika. Manyato mai baki biyu bai huta ba, kwafi muke ta fitarwa, kuma ni Cika-Baki ni ne na koma mai juya kaset ɗin ƙanena. Masu kabu-kabu suna rera shi, masu tallan fura suna rera shi. Mutum zai shigo ya yi mini sallama ya ce, “Kai ne yayan Sani?” Wallahi na fi son a mare ni. A gida ma ba sauƙi. Maƙwabta suna shigowa tsokanar Inna, suna ce mata tauraruwa, tana rufe fuska da mayafi tana dariya tana cewa auta ya tona mata asiri. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na watannin nan ba, kuma maimakon in ji daɗi sai in ji kamar ana zuba mini barkono a ƙirji, don ba ni na kawo mata shi ba.

Abin da ya ƙarasa ni mahaifiyarku ce, ba da saninta ba, kada ku je ku tambaye ta ta ji kunya. Na je zance gidansu da yamma, na tarar da ita tana wanke kwanoni tana rera “Sanina auta” a hankali. Da ta gan ni ta yi murmushi ta ce:

“Ranar bikinmu dai ƙanenka zai riƙe mana kiɗa ko? Ƙawayena sun ce in ba shi ba ba za su zo ba.”

Na ce to. Na koma gida ban ci tuwo ba.

Ana cikin haka sai ga wani mutum daga Yamai, mai aiki a wani gidan rediyo, da tabarau da jakar fata. Ya ji kaset ɗin a mota tun daga hanya. Ya zauna kan bencina, ya sha shayina, bai dube ni sau biyu ba. Ya ce wa Sani kwafi ba zai yi ba, don an riga an haɗa ganga da murya ba su rabuwa. Sai dai Sani ya kawo orijinal ɗin Yamai, akwai ɗakin ɗaukar sauti mai injuna na gaske, a tsabtace muryar tsohuwa da taɓaren, a yi sababbin haɗi guda shida ko bakwai a fitar da su ƙasa duka. Suka sa rana bayan mako biyu. Sani ya raka shi ya dawo yana rawa a bakin ƙofa, ya rungume ni.

“Yaya, tare za mu je. Kai za ka jera su, ba wanda ya iya jeri kamarka.”

Kun ji fa. Yaron nan bai taɓa nufina da sharri ba. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne: zo ka riƙe mini jaka.

Ranar Asabar ta gaba ya tafi Takieta da kayan kiɗa, an ɗauke shi biki, shi aka ce ana so ba ni ba. Manyato mai baki biyu ya bar shi a shago. Na buɗe shago da safe ni kaɗai. Ba zan ce muku shaiɗan ne ba, na gaji da ɗora wa shaiɗan kayana. Ni ne na tashi da ƙafata, na ɗauko gwangwanin madara, na buɗe. Na yage takardar sukari na murɗa na cusa a ramukan kunnuwan, na yanko sikoci da haƙori na manna. Na sa kaset a bakin ɗauka, na sa kompil ɗina a ɗaya bakin, wanda ƙawar amarya ta ce in cire, na danna jan maɓalli. Rabin awa ina zaune ina kallon zare yana juyawa. Mai shayi ya miƙo mini kofi na karɓa na sha. Da gefen farko ya ƙare na juya kaset ɗin. Gefe na biyu ba rubutu a kansa. Na tuna sarai na ɗora yatsa kan maɓallin saurare, don in ji ko akwai wani abu a ciki, sai na ce me zan ji, Sanina auta? Na ɗauke yatsa na mayar kan ja. Da aka gama na ɓare sikocin, na zaro takardar da tsinke, na mayar da kaset cikin gwangwani na rufe. Na yi sallar azahar a sahun gaba.

Ya dawo ran Lahadi, bai buɗe gwangwanin ba sai ana jibi tafiya. Ina gyaran waya ina kallonsa ta wutsiyar ido. Ya sa kaset ya danna, sai ga kiɗana ya fito. Ya kashe, ya duba rubutun, ya tura gaba ya sake dannawa. Kiɗana. Sai na ga ya yi sauri ya juya gefe na biyu, saurin da bai yi wa na farko ba. Nan ma kiɗana. Ya zaro kaset ɗin ya riƙe. Na riga na shirya maganata.

“Subhanallahi! Ko dai na ɗauka cikin kuskure ne? Ka san kaset ɗin duk kamarsu ɗaya.”

Ya ɗora babban yatsa kan ramin kunnen ya shafa, ya ɗaga, yatsan ya ɗan manne. Danƙon sikoci. Na ɓare sikocin amma na manta danƙonsa yana zama, ni da na koya masa sana'ar. Ya sake shafawa, ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi, da ya ɗauki turnabis ya yi kaina ma da na gode masa. Sai kawai ya ajiye kaset ɗin a gabana kan tebur, a hankali, ya ce:

“Riƙe, Yaya. Dama naka ne.”

Na ɗauka baƙar magana ce. Da yamma a gida, da na ga ba hanyar kuskure, sai na sauya waƙa. Na tsaya tsakar gida na ɗaga murya don maƙwabta su ji, na ce ni ne babba tun da Baba ya rasu, ba zan zuba ido ana sa muryar uwata a wuraren da ƴan iska ke rawa ba, yanzu kuma za a kai ta Yamai a watsa wa duniya. Na yi maganar mutunci, na yi maganar gidan malamai. Gwaggo Mariya ta gyaɗa kai, wasu maƙwabta ma suka ce Lawali ya yi tunani. A ranar aka haifi ƙaryar da na ba ku. Inna tana zaune bakin ɗakinta tana tsince wake. Ba ta dube ni ba, dama ba ta dubana. Ta ce da Sani:

“Duka ya tafi?”

“Duka, Inna.”

“Har na bayan?”

“Har shi.”

Ta miƙe, ta kaɗe zaninta, ta ɗauki faifan wake ta shige ɗaki. Ban gane tambayar ba, ban kuma damu in gane ba. Ina ta jin daɗin na yi nasara.

Sani ya tafi Yamai da kwafi a aljihu, ko Allah zai sa. Mutumin ya ce ya riga ya gaya masa, kwafi ba ya yi. Aka koma Durum daga baya don a sake ɗauka, amma damina ta sauka, matan suna gona, Inna kuma ta fara tarin da bai sake ta ba. Sani bai dawo shago ba. Ya zauna can yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, aikin da yake yi har gobe. Mutumin da ya ji daka a cikin gangar Turawa ya ƙare yana liƙa waya da dalma, ni na yi masa wannan. Bikina da mahaifiyarku ni na riƙe kiɗa da kaina, ango a bayan tebur, mutane na dariya. Kuma da ƙawayenta suka matsa, kwafin luguden na sa musu, don ba abin da ke tayar da su sai shi.

Inna ta rasu bayan an gama girbi. Sani ya iso an riga an kai ta. Ranar sadakar bakwai, bayan la'asar, mutane sun ragu, muka rage mu biyu a zaure kan tabarma ɗaya. Na ga dama ta samu in wanke kaina, na fara cewa abin da ya wuce ya wuce, kaset ne kawai, ga kwafi nan ko'ina, muryarta ba ta ɓace ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

“Yaya, ka saurari gefe na biyu kafin ka shafe?”

Na ce a'a.

“Ranar a Durum, da matan suka watse, na ce mata, Inna, kin kira kowa a waƙar nan ban da Yaya. Ta ce in rufa mata baki. Na ce ba kowa a nan, daga ni sai turmi. Ta daɗe tana kallon manyato. Sai ta ce, in ta faɗa cikin akwatin nan ai ba a gabanka ta faɗa ba ko? Na ce haka ne. Ta ce to juya kaset. Ta kore ni bayan danga, amma ina ji. Ta kira sunanka sau uku. Ta yi maka waƙa kai kaɗai, doguwa, tun daga daren da aka haife ka. Ta ce in ɓoye, ranar aurenka in ba ka, ka saurara inda ba ta nan.”

Na kama hannunsa, ni da ban taɓa roƙonsa komai ba.

“Me ta ce? Yaya ta faɗe shi? Lawali ta ce, ko Lawal?”

“Bayan ka shafe na roƙe ta ta sake,” in ji shi. “Ta ce irin wannan rashin kunya sau ɗaya ake yin sa.”

“Sani, don Allah, yaya ta faɗa?”

“Kalmomin zan iya ba ka wasu. Muryar ce ba ni da ita.”

Ban bari ya ba ni kalmomin ba a ranar, kuka ya hana. Daga baya kuma kunya ta hana ni tambaya, shi ma bai sake tayarwa ba. Shekara nawa ke nan muna gaisawa a waya ranar salla, lafiya lau, ya iyali, ya zafi, shi ke nan. Bai taɓa ƙaryata ni a gabanku ba. Kun je gidansa a Yamai kun ci tuwonsa kuna yi masa kallon mai girman kai, yana sane, ya yi shiru don kada ya zubar da ubanku a idonku. In kun tashi ku je ku gaishe shi da kyau, ku ce na gaya muku.

Kai kuma Habibu, ɗan farina, ka sha jin haushina don ina ƙwala maka kira da sunanka a tsakiyar kasuwa, har tsofaffi suna cewa Lawali ba shi da kunyar ɗan fari. Na kuma matsa wa mahaifiyarka sai da ta koyi faɗin sunanka, tana yi tana rufe fuska. Yanzu ka san dalili. Kwanan baya ƴarka ta zo mini da waya, wai wani yaro ya samo tsohon kwafin luguden ya ƙara masa ganga, ana ta rawa da shi a bukukuwa. Ta sa mini. Ga Inna nan, tana dariya, Rabi, Hadiza, Sanina auta. Yarinyar tana rawa tana tambayata, Kaka, kai ina naka sunan? Na ce mata waya ce ba ta da kyau.

Kaset ɗin yana nan cikin gwangwaninsa a ƙarƙashin gadona, da danƙon sikocin da ya kama ƙura ya yi baƙi. Masu sana'a sun san wani lokaci in an shafe kaset akan bar ɗan saura a wutsiya, inda sabon ɗauka bai kai ba, ko kalma ɗaya, ko tari. Na san wannan, shi ya sa ban bar tsohon manyato ya mutu ba. Nakan sa gefe na biyu in tura shi can kusa da ƙarshe, in manna kunne a bafil, ko Allah zai sa na yi sakaci a ranar ko na ƙiftawar ido. Ban yi ba. Kiɗa ne cike har ƙarshen zare, sai maɓalli ya yi ƙas ya tashi. Aikina ne, ban bar ko numfashi ba.